Kalmar da Malam ya rubuta min da hannun hagu

Assalamu alaikum, barkanku da ƙoƙari. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Talata Mafara. Shekara shida muna aiki da wani dattijo mutumin Bakura, shi ne shugaban sashenmu. Duk sanda na buɗe baki sai ya gyara min Turanci, a ofishin malamai ko a gaban ɗalibai, ya ce, "Malam, sake faɗi mu ji," kowa ya kwashe da dariya. Bara sai ga shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, baki ya karkace, aka ba ni kujerarsa. Na hau babur har Bakura wai dubiya. Wallahi ba dubiya ta kai ni ba. Na zauna kusa da shi, na yi ta jera mishi tambayoyi da Turanci, yana fama, miyau na zuba kan rigarsa. Na sa hannu a kunne na ce, "Malam, sake faɗi mu ji." Daɗin da na ji ranar, ko ranar aurena ban ji shi ba. Wane irin mutum ne ni? Kullum Juma'a sai na koma, matarsa tana sa min albarka, tana cewa duk abokan aikinsa ni kaɗai ne ɗan halak.

Makon jiya ya yi min alama in miƙo biro. Da hannun hagu, daƙyar, ya rubuta "gloat" a bayan kwalin magani. Ban san kalmar ba! Na yi murmushi na ce, "Haka ne, Malam." Sai da na fita zaure na duba ƙamus a waya: mutum ya tsaya yana kallon masifar wani yana jin daɗi, yana ganin kansa a sama. Ashe tun zuwan farko ya gane. Kuma ya ga ban san kalmar ba, don na ga rabin bakinsa mai rai yana dariya.

Kunya ta kama ni, amma gaskiya haushin ya fi kunyar. Jiya matarsa ta kira, wai Malam na cigiyata. Ban san ko gafara zan je nema ba, ko ramuwa. Jama'a, me zan yi?