Gashin Kurciya a Bayan Kicin

Laraba da dare, Samaru.

Jiya tattabarata mai ruwan toka ba ta dawo ba. Yau da safe na ga gashin tsuntsu a bayan kicin ɗin Maman Rifkatu, maƙwabciyata. Ban tsaya dubawa ba, na kwashe na faɗa gidanta. A gaban baƙinta 'yan coci na ce, "In nama kuke so, ai sai ku roƙa."

Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta baza gashin a tafin hannunta ta ce, "Maman Abba, duba da kyau. Tattabararki tana da wannan ja-ja mai ɗigon baƙi a wuya? Kurciya ce, mage ta kama."

Ni da na girma a ƙauye, kurciya nawa na fige da hannuna?

Da magariba tattabarar ta dawo, a kan rufinsu ma ta sauka. Bayan isha'i matar nan ta miƙo min faten tsaki ta katanga, kamar yadda ta saba. Ga shi nan ya huce, na kasa buɗewa.

Gobe dole a mayar da kwanon, kuma wannan ba aiken da zan ba yaro ba ne.