Zazzaɓin da Nafisa ta Ɓoye

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya jikin maigida, yaya zafin Agadas? Mu nan Konni lafiya, sai gajiyar koyarwa a lakwal da ta ƙi sakina.

Ranar Asabar na nuna wa ɗalibaina wani fim, har da ɗiyarki Nafisa da nake riƙo. Mata da miji ne suka sayo yarinyar inji, mai magana da dariya kamar mutum. Da ta lalace, suka mayar da ita kamfani. Ni don darasin kimiyya na kawo shi.

Bayan nan Nafisa ta yi kwana uku tana ɓoye zazzaɓi, har ta faɗi tana shara. A gidan likita ta ce, "Inna Ladi, kar ki mayar da ni Agadas kamar yarinyar fim ɗin nan. Can ma ba a nemana. Ko sunana Mama ba ta faɗi a waya."

Na gaya mata kunyar ɗiyar fari ce. Bakina ya gaji, ba ta gamsu ba. Jikin ya yi sauƙi, amma Yaya, ki ajiye kunyar nan sau ɗaya, ki kira ta da sunanta.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da su Baba Illa.

Ƙanwarki,
Ladi