Jinin da Aka Ɗiba a Mahauta

Assalamu alaikum Yaya Kamaluddeen. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Baba da Inna kalau. Ta hannun direban motar albasa na Aliero na aiko wannan, don ba na son a ji ni a waya.

Yaya, an sari ƙanenmu Imran. Ka san yana cikin ma'aikatan lafiya masu binciken nan, da suke auna wani sinadari a jini, ko yawansa zai nuna toshewar jijiyoyin jini tun kafin mutum ya faɗi. Mahauta ake nema, saboda cin kitse. Shi kuwa, da taurin kan nan nasa, ya shiga mahautar Jega bai gaida Sarkin Pawa ba, wai ai gida ne, ɗan mahauci ba ya neman iso. Ya ɗibi jinin mutane, yana rubuta sunan kowa a kwalba. Sunayen nan suka jawo. Wani ya ce jini da suna sai tsafi. Kafin ka ce kwabo an yi masa ca, da gora, da sanduna, an farfasa kwalaben, an tattake shi cikin kwata. Na kai wa Baba fura, a gabana aka kafta masa wuƙa a dantse har ƙashi. Baba ne ya kwanta a kansa, sannan suka ja baya.

An ɗinke shi, yatsu biyu dai ba su motsi. Amma ba Imran ke hana ni sukuni ba, ɗan'uwanmu Ummaru ne. Tun da ya dawo daga sayen shanu a Maiyama bai ci abinci ba, kullum yana kan dutsen washi. Ya rantse sai ya cire hannun wanda ya yi saran. Ya ƙi jin ta Baba, kai kaɗai yake shakka. Ya shaƙe ni jiya wai in faɗi suna, na ce ban gani ba. Na gani, Yaya. Ɗan gidanmu ne, akushi ɗaya kuka ci da shi. Ka taho kafin wani ya riga ni faɗa.

Ka gaida Anti Zubaida, da Jabir da Ihsan. Inna tana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Hamida