Saƙonki Yana Hannuna Tun Talata

Sabon Gari, Maraɗi
Laraba, ƙarfe biyar da kwata na yamma

Samira, sanyin idona, inuwar gawon da nake fakewa a tsakiyar rani, ɗanyen ganyen zogalen Jiratawa da raɓa ba ta gama bushewa a kansa ba,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Ina fatan kina lafiya, da su Inna a Tibiri. Kada ki yi mamakin ganin takarda da biro daga wanda aikinsa ke nan kula da ordinata, wato kwamfuta. Na san abin da waya ke ajiyewa, shi ya sa na ba Yaya Safiyatu wannan ta miƙa miki hannu da hannu. Ba ta san abin da ke ciki ba.

Jiya da kika kira ni kika ce mel ɗinki na ofis ba ya shiga ba ya fita, na ce miki rezo ne, wai layin sadarwa ne ya yanke. Ba rezo ba ne, Samira. Ni ne.

Ranar Litinin da ƙarfe tara da minti arba'in Darakta ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya ba ni takarda mai sunaye shida. Farashin irin shukar da kamfaninmu zai gabatar wa masu saye ya fita waje kafin lokacinsa, ana bincike. Ya ce in rufe akwatin mel na duk wanda takardar farashin ta bi ta wurinsa, kada ya aika, kada ya karɓa, na ɗan lokaci. Na tambaye shi kwana nawa, ya ce sai an gama. Sunanki ne na huɗu. Ba a tuhumar ki da komai, takardar ce kawai ta ratsa ofishinku na Jiratawa. Na sa hannu cewa ba zan faɗa wa kowa ba, ga shi kwana goma sha tara suka rage mini a gwajin wata uku da ake yi mini. Hanya biyu ce ta rufewa: ko saƙo ya koma wa mai shi, ko a tsare shi a gefe. Na zaɓi tsarewa. Iyakar alherin da hannuna ya iya ke nan.

Jiya Talata, sha ɗaya da minti goma sha bakwai, saƙo ya zo miki daga makarantar noma ta Yamai. Sunan mai aikowa na gani, da kan saƙon: sakamakon zaɓe. Ban buɗe ba. Ban sani ba ko an ɗauke ki ko ba a ɗauke ki ba, kuma ba zan ce miki na sani ba.

Kin tuna ranar da na zo Jiratawa haɗa muku injin buga takardu, kika ja ni bakin kanal in ga yadda ake sakin ruwa? Kika nuna mini ƙofar ƙarfen da ake ɗagawa, ruwa ya taho a guje yana tura busassun ganye, ƙasa tana sha har ana jin ƙamshinta. Ni ban kalli ruwan sosai ba. Ke nake kallo, gyalenki ya zame, kina dariya da laka a takalminki, fuskarki kamar gulbi a watan da ya cika. A ƙarƙashin dogonyaron nan muka cika takardar neman makarantar. Kin riga kin rubuta tsohon adireshinki, wanda ke da “ƴar Tibiri” a cikinsa, ni na ce ki goge, ki sa na ofis, wai ya fi kwarjini. Kika ce to, ai kai ne masani. Masani! Ni na gina kanal ɗin da hannuna, yau kuma ni ne zaune a kan ƙofar, ruwanki na bayana yana bugu.

Na sake karanta sharuɗɗan sau uku. Na bakwai ya ce wanda aka ɗauka ya amsa cikin kwana uku, daga adireshin da ya yi rajista da shi, in ba haka ba a ba na bayansa. Wato Juma'a, sha ɗaya da minti goma sha bakwai. Daga yanzu saura awa arba'in da biyu da minti biyu.

Ina zan juya, hasken raina? In buɗe a ɓoye, ko minti ɗaya ba zai ɗauke ni ba, amma injin yana rubuta duk abin da na taɓa da lokacinsa. Da safe za a ga akwati ɗaya cikin shida ya buɗe, a ce lallai ke ce mai laifin, ni kuma mai rufa miki asiri. In yi shiru, in zuba ido shekara biyu ta wahalarki ta tsiyaye a gabana? Tun Litinin kabu-kabu na kai ni gida na dawo da ni, amma ni hankalina bai fita daga ofishin nan ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, kuma zan faɗa don kada ya zauna tsakaninmu. Jiya zuciyata ta raɗa mini cewa in na yi shiru, Juma'a za ta wuce, ba za ki tafi Yamai ba, za ki zauna nan kusa da ni, kuma ba wanda zai taɓa sani. Na saurare ta, Samira. Ba da daɗewa ba, amma na saurare ta. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

Hanya ɗaya ta rage. Gobe ƙarfe takwas zan shiga wurin Darakta in roƙe shi a buɗe wannan saƙo ɗaya a gabansa, ki zo ki amsa shi yana kallo, in sake rufewa. Zan kuma gaya masa na karya alkawarin da na sa wa hannu. Zai tambaye ni me ya haɗa ni da na huɗu cikin shida. Na yi ƙarya ɗaya a makon nan, ba ni da ƙarfin ta biyu. Sai dai mun yi alkawari ba wanda zai ji zancenmu sai Kawu Hamidu ya kai goro gidanku bayan girbi, kuma kin san matar Darakta ƴar unguwarku ce. Abin da na faɗa da safe zai riga azahar isa kunnen Babanki. Ya ji daga bakin mata kafin ya ji daga bakin manya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma sunanki ne, ba nawa ba. Ba zan ambace shi haka ba sai da izininki.

In kin yarda, ki yi mini bip, ki kira ki katse, sau ɗaya kafin takwas. In ban ji ba, zan shiga duk da haka, in roƙa da abin da ya rage mini, in bar zancenmu a rufe ko da zai ce a'a.

Wannan takardar da ke hannunki ta isa a sallame ni daga aiki. Na ba ki ita da sanina. Ki ajiye, ko ki yaga, ko ki yi fushi da ni har damina ta zagayo, duk na karɓa. Amma in saƙon nan ya ce an ɗauke ki, ki tafi, tauraruwata. Ni zan raka ki tasha in ɗora miki jakarki. Shekara biyu kwana ɗari bakwai da talatin ne, na riga na ƙirga, kuma ba ɗaya a cikinsu da zai same ni ina kallon wata.

Wayata tana kan tebur, na ƙure mata ƙara.

Naki, yau da bayan Juma'a, har iyakar numfashina,
Maliki