Rediyo Ba Ta Jiran Amsata

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya. Ni ma da sauƙi, sai dai gwiwa da kunnen hagu da suka yi mini tawaye. Rediyon da kika aiko ta iso, na gode.

Ƙaninki ya ce kin yanke shawara in daina zuwa coci, in riƙa sauraron addu'ar Misa ta rediyo a ɗaki, saboda labarin da shugabar mawaƙa ta ba ki. Ba ta yi ƙarya ba. Lahadin farko ta Azumi, da Fada, limamin cocinmu, ya nufi wurin karanta Bishara, na miƙe na rera Halleluya ni kaɗai, alhali a lokacin Azumi ajiye ta ake yi har Ista, a ce yabo ya tabbata ga Kristi. Yara suka yi ta ƙunshe dariya. Da mahaifiyarki tana raye, da ta ja mini hannun riga tun ban buɗe baki ba. Ba ruɗewa ba ce, rashin mai tunatarwa ne. Da muka fito Fada ya ce in adana Halleluyar kada ta huce, zai neme ta a wurina ranar Ista.

Ki gane, 'yata, waɗannan gajerun kalmomin yabo rabon jama'a ne. Halleluya marhabin ce ga Ubangiji da zai yi magana cikin Bishara, shi ya sa ake miƙewa. A waƙar Mai Tsarki da Hosanna kuwa muna haɗa baki ne da mala'iku. Babbar Amin ita ce yardarmu ga dukan addu'ar da Fada ya yi. Na gwada da rediyonki. Na ce Amin, ta riga ta wuce, ɗakin kuma ya yi tsit. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mako guda nakan yi ban ji muryata ba sai a bencin coci. Don Allah ki janye maganarki, ki ce wa ƙaninki ya ci gaba da kai ni. Tela maƙwabcina ya yarda ya zauna a damana, ya taɓa ni idan zan yi kuskure.

Ki gaishe da maigidanki, da takwarana, da 'yar auta, da surukarki. Na sa an goge mini farar rigata, tana rataye a bayan ƙofa.

Ni ne mahaifinki.