Tutar lakkwal da wayar Yaya Alƙasum

Litinin, 6 ga Yuni
Iska ta juyo daga kudu, da danshinta. Naman kilishin da na shanya tun hantsi har la'asar bai bushe ba, ƙudaje kawai ke ta biki a kai. Ni kaɗai ke baƙin ciki a Tawa, kowa sai murna yake wai damina ta kusa.

Laraba, 8 ga Yuni
Yaya Alƙasum ya kira daga Affala, can arewa da mu, sau huɗu. Tambaya ɗaya: "Muktari, ina iska ta nufa wajenku?" Wai wani ma'aikacin meteyo, masu hasashen yanayi, ya ce a rediyo iskar teku sai ta bi ta kanmu kafin ta kai musu, ruwa kuma yana bayanta. Shi ke nan na zama ma'aikacinsa. Hannuna duk yaji, in fita in duba tutar lakkwal, makarantar unguwarmu, in ga inda iska ta nufa.

Asabar, 11 ga Yuni
Nama ya yi wari. Rabi na zubar.

Talata, 14 ga Yuni
Na gaya wa Yaya tuta kwana takwas tana kallon arewa, don dai ya ƙyale ni. Ashe da maganata ya je ya yi binne, ya zuba irin geronsa duka a busasshiyar ƙasa. Na ce wa ya aike ka? Ya ce, "Kai."

Juma'a, 17 ga Yuni
Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Na kwashe shanya a guje. Yayyafi kawai, nan da can. Irin wanda ke sa iri ya tsiro ya mutu.

Lahadi, 19 ga Yuni
Busasshiyar iska ta dawo daga arewa, ta kore danshin. Nama ya bushe kafin azahar, rabona da kilishi mai kyau haka tun watan Afrilu. Habi matata ta ce to mi ya ɗaure maka fuska? Na ce zafi ne.
Yaya bai kira ba.

Alhamis, 23 ga Yuni
Kwana huɗu shiru. Ni na kira. Ya ce tsiro ya fara lanƙwasa, ya sauya magana, yana tambayar yara.
Da yamma danshi ya dawo, har riga na manne mini. Gobe shanya ba za ta yi ba. Na biya kasuwa na ce wa Ciɗo mai hatsi ya ajiye mini tiya biyar ta iri, ko da za a sake shuka. Ban gaya wa Habi ba.