Samfuran Gwajina da Aka Fitar daga Firji Saboda Lemon Baƙi

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Ƙasar Noma,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya.

Ranar Litinin ina tsaye a ofishinka kana ce mini ai ƙasa ba ta ruɓewa, in zagaya bayan sashe in ɗebo wata in ci gaba da aikina. Na juya na fita, domin ban san yadda ɗaliba take tuna wa farfesa abin da shi ya koya mata ba. Kwafin Turanci na wannan wasiƙa yana hannun sakatariyarka. Na Hausan kuwa don mutanenmu na unguwar Sabo a nan Ibadan ne, waɗanda suka yi mini dakon ƙasar, kullum suna tambayata inda aka kwana.

Na ɗaya. Aikina na digiri na biyu shi ne auna iskar kabon da ƙasar gona take fitarwa idan ruwan farko ya sauka bayan dogon rani. Ƙananan halittun cikinta ake bi, su ke fitar da iskar. In ta ɗumama kafin awo, sun riga sun gama aikinsu, abin da ya rage turɓaya ce.

Na biyu. Sashe bai ba ni mota ba. Mahaifina dillalin albasa ne a kasuwar Bodija, shi ya roƙi manoma tara a ƙauyensu can ƙasar Sakkwato. Suka haƙa a ranar da ruwa ya fara sauka bara. Direbobin motocin albasa suka ɗauko a cikin kula, suna tsayawa a hanya suna sake ƙanƙara, na tarye su a tashar Ojoo. Ba wanda ya taɓa jin kalmar kabon a cikinsu, amma ba wanda ya bari ta ɗumama.

Na uku. Wata goma ƙasar tana firjin ɗakin gwaji tana jiran a gyara na'urar awo. Makon da aka gyara, sashenmu ya shirya taro kan manufofin sauyin yanayi. Aka rasa inda za a sanyaya lemon baƙi, sai aka kwashe robobin da na zuba ƙasar aka jera a baranda, suka kwana uku a rana. Ina cikin zauren ina tafa wa mai jawabi kan muhimmancin adana bayanai. Har lemon na sha. Ya yi sanyi sosai, ba zan ɓoye ba.

Na huɗu. Wa'adin karatuna zai cika ƙarshen watan nan. Kwamitin da ke ƙara wa ɗalibai lokaci zai zauna ranar Alhamis, kuma ba ya duba takardar da babu sa hannunka. Tawa tana kan teburinka. Na fahimci cewa sa hannu yana nufin a rubuta abin da ya faru. Amma in ba ka sa ba, shekara uku sun tafi, kuma ban san da wane baki zan gaya wa manoman nan ba.

Ina roƙon abu biyu: ka sa hannu kafin Alhamis, kuma a sa wa firjin kwaɗo. Ba na neman a hukunta kowa. Wanda ya kwashe robobin aikensa aka yi.

Jiya kawuna ya kira daga ƙauye ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ruwan farko ba ya jiran kwamiti, don haka ba zan iya zama in ji hukuncinku ba. Zan je in haƙa, ban sani ba ko ɗaliba ce ke haƙawa ko mace ce kawai da shebur a gonar mutane.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ɗalibai su amfana da shugabancinka. Na wanke kuloli, na ja ƙofar ɗakin gwaji na kulle, makulli yana wurin mai gadi. Motar Ojoo tana jirana.

Wassalam.

Ɗalibarka, daga Sabo, Ibadan